Hanyar Rubikon, Inda Mota Ke Tafiyar Hawainiya

A makon nan za mu ajiye zancen girki da reno, mu ƙetare teku zuwa jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, mu dubo wata hanya da a ke kira Rubikon. Tsawonta mil 22 ne kacal, watau bai kai daga Kano zuwa Wudil ba. Amma mai mota ya kan yi kwana biyu ko uku kafin ya ga ƙarshenta, in ya yi sa'a ke nan motar ba ta karye ba. Ba kuwa wanda ya tilasta wa kowa binta, gama akwai lafiyayyar kwalta da ke zagayawa ta kai mutum wuri guda cikin 'yan sa'o'i. Su dai wahalar su ke so, har kuɗi su ke kashewa a kanta.

Hanyar tana cikin duwatsun Siyera Nebada ne, gabas da birnin Sakramento, ta faɗa bakin wani babban tafki mai suna Taho. Da hunturu dusar ƙanƙara ta kan binne ta, sai wajen watan Yuni ko Yuli ta ke buɗewa sosai. Sunan kuwa na wani kogi ne da ta ke ƙetarewa, shi ma ya ci sunan wani ɗan kogi na ƙasar Italiya, wanda Yuliyas Kaisar ya haye da rundunarsa shekara 49 kafin haihuwar Annabi Isa. 'Yan makaranta sai ku riƙe wannan.

Da fari turba ce ta 'yan asalin ƙasar, su Washo da Maidu, waɗanda su ke bi da ƙafa. Da aka sami zinariya a Koloma cikin 1848, sai baƙi suka kwararo ƙasar kamar fara, garuruwa suka yi ta tsirowa, har da wani mai suna Jojtawun. Cikin 1867 waɗansu 'yan'uwa biyu, 'ya'yan gidan Hunsucker, suka kafa bukka a wani kwari inda ruwa mai ɗanɗanon kanwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, daga baya suka riƙa ɗura shi a kwalba suna sayarwa. To, a nan mace ta shigo labarin. Cikin 1886 wata mai suna Sierra Phillips Clark, wadda a ke yi wa laƙabi da Vade, ta sayi wurin, ta gina masaukin baƙi mai ɗaki 16 a tsakiyar wannan ƙungurmin daji. Ta kan shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta ciyad da baƙinta sau uku a yini, alhali kuwa komi sai an ɗauko shi a keken doki ko a bayan alfadari. Duk wadda ta taɓa sauke baƙi goma a gidanta, kasuwa na kusa, ta san ba ƙaramar mace ba ce wannan. Cikin 1887 hukumar gundumar El Dorado ta mai da turbar hanyar gwamnati, har yau kuwa haka ta ke a takarda, ko da ya ke ba mai ganinta ya ce hanya ce. Masaukin dai daga bisani kasuwarsa ta mutu, aka watse aka bar shi, nauyin ƙanƙara ya rushe shi.

Abin da ya tashi hanyar daga barci yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Willys da Ford sun ƙera wa sojan Amurka 'yan ƙananan motoci fiye da 600,000, masu jan ƙafa huɗu, su ne Jeep, waɗanda mu ke kira jif. Land Rover ɗin nan da iyayenmu suka saba gani wurin masu rangadi, wadda ta fito cikin 1948, a jikin jif aka ɗauki samfurinta. Bayan yaƙi jif ta yi araha a hannun mutanen ƙauye. Sai mutanen Jojtawun, da suka ga garinsu ba ciniki, suka yi shawara su shirya ayarin jif ya bi tsohuwar hanyar, ko baƙi sa zo. Ran 29 ga Agusta 1953 mota 55 suka tashi da mutum 155. Cikin jagororin akwai Mark Smith, wanda ya rasu cikin 2014. Taron nan, Jeepers Jamboree, har yanzu a na yinsa a ƙarshen watan Yuli. Ban da shi kuma ƙananan ƙungiyoyi na masu irin motocin nan su kan tafi abinsu duk tsawon bazara, mota biyar, mota goma, da matansu da 'ya'yansu.

Tsarin tafiyarsu zai tuna muku da ayarin fatake na da. Akwai madugu a gaba, wanda ya san hanya. Akwai na ƙarshe, wanda ba ya wuce kowa, galibi shi ke da kayan gyara. Ko wane direba kuma an ɗora masa nauyin motar da ke bayansa: in ya duba madubi bai gan ta ba, sai ya tsaya, na gabansa ma ya tsaya, har labari ya kai ga madugu. Mota guda ba ta shiga ita kaɗai in mai ita na da hankali, domin yawancin hanyar wayar hannu ba ta kamawa, sai rediyon oba-oba.

To, ku zo mu bi su. A bakin tafkin Lun a ke taruwa da sassafe, abin farko kuwa da za ku gani shi ne kowa ya tsuguna yana sace iskar tayarsa. Ba wauta ba ce. Tayar da ta sha iska tam ta kan yi tsalle a kan dutse, ta zame. In aka rage iskar ta koma kamar rabi ko ƙasa da haka, sai ta yi laushi, ta baje, ta rungumi dutsen kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa a rairayi. Daga nan sai a shiga wani makeken fako na farin dutse, iyakar ganinki, ba ƙasa ba ciyawa sai itatuwa jefi-jefi da suka tsiro a tsaga. Nan tafiya da daɗi. Gaba kaɗan a ke soma gane kuren, inda hanya ta zama kwazazzabo cike da duwatsu, wani kamar turmi, wani kamar rumbu. Mafi suna a cikinsu shi ne Little Sluice, watau ƙaramar magudana. Don tsananinsa, cikin 2012 sai da hukuma ta sa aka farfasa manyan duwatsunsa, waɗansu 'yan ƙungiya kuwa suka yi ta ƙorafi wai an ɓata musu wasa.

A irin wurin nan direba ba ya ganin inda tayarsa ke takawa. Sai mutum guda ya sauka ya tsaya a gaba yana nuna masa da hannu, dama kaɗan, tsaya, taho. Doka ce mutum ɗaya tak ke nunawa, sauran su kame bakinsu, gama in murya ta yi yawa mota ta kan kife. Sau da yawa matar direban ce ke wannan aiki, ko kuwa ita ke tuƙi mijin na nunawa. Ni dai a ganina ba inda a ke auna zaman aure kamar nan: mutum ya ba da kai ga hannun matarsa, ya taka inda ta ce, ba gardama.

Bari in ɗan bayyana muku yadda motar ke iya wannan, don nan ne asalin karyewarta. Tana da wata giya ta musamman mai rage gudu ta ƙara ƙarfi. A jif ɗin da kamfanin ya fitar cikin 2003, ya sa mata sunan hanyar nan, giyar ta kan rage gudu sau 4, ƙarfin ja ya ƙaru sau 4, har mai tafiya da ƙafa ya wuce ta. Sa'an nan ku duba ƙarƙashin ko wace babbar mota, za ku ga wani ƙarfe mai kama da tulu a tsakanin tayoyin baya. A cikinsa akwai haƙora da ke barin ko wace taya ta juya da gudunta, domin wurin shan kwana tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. A kan kwalta dabara ce mai kyau. A kan dutse kuwa, da zarar taya ɗaya ta ɗaga sama, sai ta yi ta wulwulawa a banza, 'yar'uwarta ta ƙasa ta tsaya cik. Saboda haka su ke sa wani makulli da ke ɗaure su biyun su juya tare. Mota ta hau, ba shakka. Amma yanzu duk ƙarfin injin ya taru a kan sandar ƙarfe guda, in direba ya yi garaje ya taka totur, taya ta yi tsalle ta dira, sai ki ji ƙas! Aksil ya tsinke.

Nan fa a ke ganin amfanin ƙungiya. Ba gareji, ba kanti, kuma motar da ta mutu a tsakiyar kwazazzabo ta tare wa kowa hanya. Nan da nan sai a kewaye ta, wannan ya kawo jak, wancan sifana, wani ya ce yana da irin ƙarfen a ajiye. In abin na walda ne, sai su ciro batir biyu ko uku daga motocin abokai, su jona su ɗaya bayan ɗaya, wutar ta tashi daga bolt 12 zuwa 24 ko 36, su liƙe ƙarfen nan a kan dutse. In sandar sitiyari ta lanƙwashe, a miƙe ta, a zura ta cikin bututun hannun jak don ta yi ƙwari. Waɗansu dabarun ma daga madafa suka fito. Tankin mai in ya tsage, a kan goga masa sabulu ya toshe na ɗan lokaci. Lagireto in yana ɗiga kaɗan-kaɗan, a kan zuba masa garin masoro, ruwan ya kai shi bakin hujin ya cushe. Duk na a kai gida ne, ba gyaran dindindin ba. A babban taron shekara kuwa har kanikawa a ke zaunarwa a hanya, jirgi mai saukar ungulu na kawo musu kayan gyara daga gari.

Ba wasa zalla ba ne, a na jin ciwo, a na mutuwa. Yawancin motocin na da na'urar ja a goshi, mai naɗe igiyar ƙarfe, a ɗaura ta a itace mota ta jawo kanta. Igiyar nan in ta tsinke ta kan yi bulala da ƙarfin da zai kashe mutum, shi ya sa su ke yafa mata bargo a tsakiya, a kori yara nesa. Yanzu da yawa sun koma igiyar zare mai ƙarfi, wadda haɗarinta bai kai haka ba. In kuma mota za ta kife, abin da rai ke so shi ne mutum ya miƙa hannu waje ya tokare. Wannan kuwa shi ke raba mutum da hannunsa. Tun a gida a ke koya wa yara su riƙe ɗamarar kujera, hannu a ƙirji.

Bayan an wuce tafkin Buck Island, an gangara babbar magudana, an haye gadar kogi, sai ga kwarin da Vade ta yi masaukinta. Nan a ke yada zango. A kafa tanti, a yi wanka a kogi mai sanyin tsiya, a kora sauro. Waɗansu tun da rana sun naɗe nama a takardar gwangwani sun ɗora kan injin, zafinsa ya dafa. Abinci ba a barinsa a fili da dare saboda baƙar dabbar nan beya, wadda hancinta ya fi na kare. Mark Smith shi har babban molon Turawa, piyano, ya sa jirgi ya sauke a dajin nan don a yi wa baƙi kiɗa.

Sai dai akwai wata magana mara daɗi, ku gafarce ni. Dubban mutane na kwana a kan dutse, inda ba ƙasar da za a haƙa rami. Ina su ke zagayawa? Abin ya yi muni har cikin 2004 hukuma ta hana kwana a gefen tafkin Spider saboda ƙazantar bayan gida. Cikin 2009 kuma hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin ta ba gunduma da ma'aikatar gandun daji umurni su gyara, domin laka da baƙin mai da ƙazanta na gangarawa cikin rafuka. Saura ƙiris a rufe hanyar. Da masu motocin suka ga abin wasansu zai suɓuce, sai suka tashi aikin gayya, tare da ƙungiyar Friends of the Rubicon da aka kafa tun 2001. Aka jera duwatsu a inda ruwa ke zaizaya, aka yi gada a rafin Ellis, aka kakkafa ban ɗaki. Yau a na neman kowa ya tafi da jakar da zai kwaso ƙazantarsa, da tsumman tsane mai in motarsa ta zubar. Manyan mutane masu motar dubban daloli, sai da hukuma ta koya musu abin da ko wace uwa ke koya wa ɗan shekara uku!

Ga masu son su ji ko mata na yin abin su kaɗai, suna yi. Cikin 2016 wata mai suna Emily Miller ta kafa gasar mata zalla, Rebelle Rally, a hamadar Nebada da Kalifoniya, mata biyu a mota, ba waya, sai taswira da kamfas.

Ranar fita a ke hawan tudun Cadillac, wanda ya sami sunansa daga gawar wata tsohuwar mota da ta daɗe yashe a gefensa. Hawa ne mai tsayi, ƙunci gare shi, ga kwana, ga saiwoyi, ga rami a gefe, kuma motocin da aka ɗaure da waya jiya nan su ke nuna halinsu. Wadda ta kasa, 'yar'uwarta ta ja ta. Daga ƙoli a kan tsaya a waiwayi kwarin, sa'an nan hanya ta yi sauƙi har garin Tahoma. Tafkin Taho na nan shimfiɗe, shuɗi garau, bisa tsayin ƙafa 6,225 daga teku, zurfinsa ƙafa 1,645, shi ne na biyu a zurfi duk Amurka. Kafin a hau kwalta sai kowa ya sake tsugunawa ya mayar wa tayoyinsa iska, ya shiga ƙarƙashin mota da sifana yana taɓa noti ɗaya ɗaya, gama wanda dutse ya kwance ba ya faɗuwa sai an soma gudu.