Adashin Teloli a Shekarar da Sefa Ta Karye

Ranar 12 ga Janairu, 1994, aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. A Dakar aka yanke hukuncin, inda shugabannin ƙasashen da ke amfani da kuɗin suka zauna da Faransa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma sefa 100. Mu a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, ta rediyo labarin ya iso mana, amma a kantin zare muka gane ma'anarsa.

Lokacin ina yaron shago wurin Kawuna, ina koyon surfani. Azumi saura wata guda, kuma duk wanda ya san Briqueterie ya san ɗinkin Sallah ne ke ciyar da tela rabin shekara. Daga unguwar Tsinga, daga unguwar Mokolo, har ma'aikatan ministoci da ba Musulmi ba, nan suke kawo shaddarsu. To ga shi a 1993 gwamnatin Kamaru ta zaftare albashi har sau biyu, masu kawo aikin aljihunsu ya riga ya bushe. Zaren surfani, allura, kayan gyaran keke, duk daga waje ake shigo da su, duk suka tashi.

Kawu shi ne uban adashin telolin layinmu. Tun ranar farko aka yi ta zuwa shagonsa ana cewa ya tara mutane. Ya ƙi. Maimakon haka ya miƙo mini littafi da biro ya ce, "Bi shago-shago. Tambayi kowa aiki nawa ya karɓa, nawa aka ba shi kafin alƙalami, wa ya kawo yadin, zare nawa ya rage masa. Kada ka rubuta kukan kowa, lissafi na aike ka." Na yi mamakin abin da littafin ya nuna. Kowa na cewa shadda ta yi tsada, alhali yawancin yadin masu shi ne suka kawo abinsu, tsadarsa ba ta shafi tela ba. Inda ciwon yake zare ne, sai kuma adashin kansa, wanda ba mai son ambatarsa: waɗanda suka kwasa kafin Janairu sun ɗauki kuɗi mai ƙarfi, waɗanda suka rage za su ɗauki adadi iri ɗaya amma rabin amfani.

Bayan sallar isha aka zauna a zauren Kawu. Abin da har gobe nake tunawa shi ne yadda ya raba magana. Daga bakin ƙofa ya fara, wato daga ƙananan masu shago, ya bi da ita sannu har kan dattawa, shi kuwa bai ce uffan ba sai da kowa ya gama. A al'adarmu in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, kunya ta ɗaure bakin na ƙasa, sai dai ka ji "haka ne, Alhaji" ko da zuciya ba ta yarda ba. Kawu ya san wannan sarai, shi ya sa ya ajiye nasa bakin a ƙarshe.

Da aka zo kan adashi murya ta ɗaga. Wani ya ce waɗanda suka riga suka kwasa su riƙa zuba ninki. Wani ya ce ai ba su suka karya sefa ba. Kawu ya juya wurin malamin da ya gayyato musamman saboda wannan gaɓa, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina hukuncin?" Malam ya ce adashi rance ne, kuma a fahimtarsa wanda ya ranci dubu, dubu zai mayar, sharɗanta ƙari ƙofar riba ce. Wannan ya rufe hanya guda, kuma rufewar ta yi amfani, domin sai hankali ya koma kan abin da ake da ikon taɓawa, wato jerin kwasa. Aka amince waɗanda littafi ya nuna zarensu ya ƙare ga aiki jibge su ne za su fara ɗauka. Aka kuma amince a haɗa kuɗi a tura mutum biyu Duwala su sayo zare a sari, maimakon kowa ya riƙa sayen ƙwaya-ƙwaya. Aikin da aka riga aka yi cinikinsa, an ce alkawari ne, a kan tsohon farashi za a gama shi. Sabon aiki kuwa aka sa masa farashin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi.

Ana shirin shafa fatiha wani matashin tela ya ce, "Alhaji, a yi mini afuwa. Matan da ke mana ɗinkin hula da aikin hannu a cikin gida fa? Su ma da kuɗinsu suke sayen zare." Zauren ya yi tsit, don ba wanda ya tuna da su. Kawu bai yanke musu komai a bayan idonsu ba. Washegari ya tura Inna, uwargidansa, ta zaga gidajen ta ji ta bakinsu, aka sa su cikin sarin Duwala.

Ba duka abin da aka yanke ne ya yi aiki ba. Farashin ƙasa da aka sa bai kai goman tsakiya na azumi ba ya rushe, domin masu albashi ba su da shi, tela kuma ba zai zauna keke na kallonsa ba. Wasu suka fara saukowa a ɓoye. Da ma tun daren farko Kawu ya sa ranar da za a sake zama a duba abin da ya tafi daidai da wanda ya cije, saboda haka ba a tsaya neman mai laifi ba, aka soke farashin a fili, aka bar kowa da cinikinsa. A ganina wannan zama na biyu ya fi na farko daraja, domin shi ya hana zargi ya ci amanar da ke tsakaninsu. Na zauna a tarurruka da yawa bayan na girma, kuma kaɗan ne na ga an sa ranar komawa kan hukunci tun kafin a tashi.

Mutum ɗaya ya fita daga haɗakar zaren, ya ce shi ya fi gane sayen kansa. Ba a bi shi da magana ba, kuma bai fasa zubi ba. Da aka sake jerin kwasa, Kawu, wanda layinsa ne ke gaba, ya mayar da sunansa can ƙasa. Sai bayan Babbar Sallah ya ɗauka, kuma kuɗin da ya yi niyyar sayen sabon keken surfani da su, na hannu suka saya masa.