Daga Tasalonika Zuwa Biriya Da Filibi Da Kuɗin Mota

Sau da yawa idan mai wa'azi ya ce a buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Tasalonikawa, mukan ɗauka sunan wani kufai ne da ya shuɗe tun zamanin kakannin kakanni. To, Tasalonika tana nan daram. Ita ce birni na biyu a girma a ƙasar Girka, bayan Atina. Tana shimfiɗe a bakin teku, ga rana, ga jiragen ruwa suna shiga suna fita. An kafa ta a shekara ta 315 kafin haihuwar Almasihu, wato ta riga ta tsufa sa'ad da Bulus da Sila suka iso ta wajen shekara ta 50.

Na yi mako guda a can cikin watan Yuli, guzurina kuwa ba shi da nauyi. A masaukina akwai takardun kamfanoni masu kai baƙi su bi sawun Bulus cikin motoci masu sanyi. Da na ga kuɗin sai na mai da takardar inda na ɗauko ta. Wata tsohuwa mai shara ta ga yadda fuskata ta yi, ta yi dariya, ta kwatanta mini hanyar tashar mota da hannu. Ashe akwai motocin haya da ake kira KTEL, su talakawan ƙasar ke shiga. Mutum ya sayi tikiti, ya tafi da safe, ya komo ya kwana a ɗakinsa, kuɗin kuwa bai kama ƙafar na kamfani ba.

Wanda ke da yini ɗaya tak, shawarata ya tafi Biriya. Yanzu Veriya suke ce mata. Tana yamma da Tasalonika, kamar mil 45, a gindin wani dutse, tafiyar awa guda ce ko da 'yan mintoci, ta mota ko ta jirgin ƙasa. Mai karatu zai tuna labarin cikin Ayyukan Manzanni sura 17: an ta da tarzoma a Tasalonika, aka auka wa gidan Yason, 'yan'uwa suka fitar da Bulus da Sila da dare zuwa Biriya. Ina zaune a kujera mai laushi, gonakin itatuwa suna ta wucewa, sai na shiga lissafi. Abin da na ci cikin awa guda, su da ƙafa sai sun yi kwana biyu ko uku, ga shi ba a daɗe da yi musu bulala a Filibi ba.

A cikin gari akwai wurin da ake kira mumbarin Bulus. Matakala uku ne na farin dutse, waɗanda mutanen garin suka gāda cewa a kansu ya tsaya ya yi wa'azi. A 1961 aka gina abin tunawa kewaye da su, da zane na ƙananan duwatsu masu launi. Ba a biyan ko kwabo. Dab da shi akwai tsohon masallaci na zamanin Turkawa, waɗanda suka mallaki garin har 1912.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata yana gangare, a unguwar Barbuta, bakin rafi. Nan ne unguwar Yahudawa. An yabi Yahudawan Biriya na zamanin Bulus don ba su haɗiye maganarsa haka kawai ba, sun riƙa bin Littattafai kowace rana su ga ko gaskiya ce. Jama'ar Yahudawa ta zauna a garin ɗaruruwan shekaru, majami'arsu ta 1850 tana tsaye har yanzu. A 1943 sojojin Hitila suka kwashe su zuwa sansanin kisa. Na zauna a dakalin wani gida na daɗe, ba motsin kowa sai ƙarar ruwa.

Kafin ka bar Biriya ka ɗanɗani revani, wani irin kek ne da ake jiƙawa da ruwan sukari, yanka ɗaya ya isa. Mai sauran canji kuma yana iya ƙarasawa Vergina, kamar mil 8, inda a 1977 wani masani, Manolis Andronikos, ya tono kabarin da ake ɗauka na Sarki Filibus ne, uban Iskandari Mai Girma, da akwatin zinariya a ciki. Can ana biyan kuɗin shiga. Gwamnati takan buɗe irin waɗannan wurare kyauta ran Lahadin farko na wata, daga Nuwamba zuwa Maris, sai dai mutum ya san yadda zai yi da sujada.

Filibi kuwa sai da sammako. Tana gabas, wajen mil 100. Motar takan yi awa biyu da wani abu kafin ta kai Kavala, wato Niyabolis ta dā, tashar jirgin ruwa inda Bulus ya sauka a ƙasar Makidoniya. Daga nan sai a shiga ƙaramar mota zuwa ƙauyen Kirinides, kamar rabin awa. Ita Filibi ba kowa a cikinta yanzu sai duwatsu. Sarki Filibus ɗin nan ne ya sa mata sunansa a 356 kafin Almasihu, a 2016 kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Ana ganin filin kasuwa, da dandalin wasa, da shimfiɗaɗɗun duwatsun babbar hanyar Romawa wadda ta bi ta nan zuwa Tasalonika. Akwai wani ɗan ɗaki da ake nuna wa baƙi a kan shi ne kurkukun Bulus da Sila. Masana sun ce ma'ajiyar ruwa ce ta Romawa. Ni dai na leƙa, ban yi musu da kowa ba.

A nan na yi wautata. Na isa da tsakar rana, ba hula, ba goran ruwa, ina cewa wace rana ce a Turai za ta ba ni tsoro. Kufan nan ba inuwa, duwatsu sun ɗauki zafi kamar tanda. Kafin awa guda kaina ya fara juyawa. Da ƙyar na taka zuwa rafin da ke bayan kufai, tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, inda aka ce Lidiya mai fataucin tufafin shunayya ta ji bishara, aka yi mata baftisma da mutanen gidanta. An gina ɗan coci a wurin, ran 20 ga Mayu kuma akan yi wa manya baftisma a cikin rafin. Ga itatuwa, ga ruwa mai sanyi ƙarara. Na tuɓe takalmi na tsoma ƙafa, na buɗe sura 16 na karanta a hankali, har na kusa manta cewa motar komawa ba ta jiran kowa.

Duk mai zuwa ya tambayi lokacin motar ƙarshe tun da safe, ya rubuta, ya kuma ɗauki ruwa da abin taɓawa daga Tasalonika. Akwai wani burodi mai kamar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, kuluri sunansa, ana sayarwa a bakin titi da araha. Biyu na saya da asuba, ɗaya na ci a Kavala, ɗayan kuma a mota da dare, fitilun Tasalonika suna ƙyalli a kan teku.