Zango Nawa Ne Daga Dutsin-ma Zuwa Runka?

Wani abokin karatuna da ke ƙaro ilimi a Ingila ya rubuto mini cewa ya halarci taro a Faris, ya koma Landan ya kwana. Tsakanin biranen biyu kilomita 340 ne da 'yan kai idan aka miƙe ta sama, jirgi kuma yakan cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Saƙon ya iske ni a Dutsin-ma, kwanana biyu ina jiran a ce hanya ta yi kyau in shiga Runka ta ƙasar Safana, inda nake tattara kalmomin auna tazara daga bakin dattawa.

Bahaushe bai cika auna nisa da tsawon ƙasa ba. Da lokaci da gajiyar jiki yake aunawa. Zango shi ne iyakar abin da ayari zai ci kafin a sauke kaya. Akwai tafiyar yini, akwai ta kwana uku, akwai kuma "nan da nan ne", wadda duk wanda ya taɓa gaskata ta a bakin mutumin karkara ƙafarsa ta ba shi labari. Kakan mahaifina a ƙasa ya tafi Makka, ta Barno da Sudan, kuma a gidanmu da shekaru ake lissafa tafiyar tasa. Yau maniyyacin Safana yakan tashi daga filin jirgin Katsina ya sauka Jidda cikin kimanin awa biyar.

A kan wannan ne na gina babi na uku na kundina, inda na yi iƙirarin cewa mota da jirgi sun kashe tsohon ma'auni, kilomita ta gaje shi. Na yi gaggawa. Tun da 'yan bindiga suka yi sansani a Dajin Rugu, idan ka tambayi direba a Batsari ko Safana nisan wani gari, shi ma tambayarka zai yi: da wane lokaci za ka tashi? Hanyar da ke kusa da hantsi ta yi nisa bayan la'asar, wata ran ma babu ita. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, labarin rasuwa ma sai da mutum ya ɗauke shi da ƙafarsa, kamar zamanin fatake.

Har yanzu ban san sunan da zan ba wannan ma'auni a kundin ba, domin ba zango ba ne: mai zango ya san inda zai kwana. A rana ta uku wani direba ya ce in shirya da sassafe, in kuma bar jakar kwamfuta a gari. Littafin rubutu kawai na ɗauka.