Gonakin Tofa Da Yaɗuwar Birnin Kano

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in ɗan yi magana a kan ƙasarmu ta Tofa, wadda ke yamma da birnin Kano, da abin da ke damuna game da gonakinta.

A ƙasarmu mutane sun yi yawa, gona tana jingine da gona, ba inda za a ce ga daji. Saboda haka ba a barin gona ta huta. Kowace damina sai an shuka gero da dawa, a rafa wake ko gyaɗa a tsakani. Duk da haka ƙasar ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne taki. Tun zamanin kakanni, da rani ya yi sai a ɗora wa jaki itace zuwa birni, ya komo da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi. Ni ma na taya mahaifina baza irin wannan taki. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, irin gonakin nan ne suka ba da gyaɗar da aka riƙa tarawa dala dala.

To, yanzu birni ya miƙo ƙafa wajenmu. An yi wa Kano tsarin shekara 20 tun daga 1963, amma gine-gine sun zarce abin da aka zana. Ana yanka gonaki ana mai da su filaye. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun Gwamna, in kuwa hukuma ta karɓi gona, diyyar amfanin da ke kanta ake biya, ba ta ƙasar ba. Wa zai iya kimanta takin shekara ɗari? Na ga wanda ya sayar da gonar gado, kuɗi suka ƙare kafin damina biyu, ya koma awo a kasuwa.

Mu dubi Ikko, birnin bakin teku. Agege dā gonakin koko da goro ce, har Hausawa suka kafa zango can don fataucin goro. Yau duk gidaje ne.

Ban ce kada birni ya ƙaru ba, kuma na san dam ɗin Tiga na 1974 ya raya noman rani a Kura da Kadawa. Amma gyaran nesa ba ya mayar da ƙasar da aka binne da siminti. Roƙona ga masu tsara birni, su keɓe gonaki masu albarka kamar yadda suke keɓe hanya da makaranta, su kuma shawarci dagatai da manoma tun kafin a kafa turke. Mu kuma da za mu fita koyarwa, wajibi ne mu nuna wa yara darajar gonar gidansu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.