Ungozomar Ƙauyenmu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta da damina, zai ga ƙasa wadda ba a bar ko taki ɗaya banza ba. Gona na manne da gona, gero da dawa da gyaɗa, gida kuma na hangen gida. A nan aka haife ni, kuma tsohuwar da ta yanke mini cibiya ita ce ta yanke wa rabin mutanen unguwarmu. Kowa Iya ya ke ce mata.

Mutanen birni da yawa suna zaton ungozoma likita ce ta ƙauye. Ba haka ba ne. A al'adarmu mace ita kaɗai ta ke durƙusawa a ɗaki, ta danne zafin naƙuda don kunya, ba a jin ko nishinta. Sau da yawa sai jariri ya faɗo kana a aika wa ungozoma. Ita za ta yanke cibiya, ta wanke yaro, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta gasa cibiya har ta faɗi, ta tsaya kan wankan jego da ruwan zafi da ganyen darbejiya. Ran suna a sallame ta da hatsi da sabulu da rabonta na nama.

To, Iya ta saɓa wa sauran a abu guda, watau ba ta jira a kira ta. Da ta ji an ce wance ta fara ciwon mara, sai ta ɗauki tabarmarta ta je ta zauna.

Sa'ad da matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a cikin fari, naƙuda ta kama ta da asuba. Aka wuni, aka kwana, shiru. Uwarta kuwa kunyar 'yar fari ta hana ta ko leƙa ɗakin. Iya ce kaɗai a ciki, tana shafa mata baya, tana ba ta ruwa, tana tashe ta ta taka, tana yi mata hira. Da gari ya waye wasu tsofaffi suka ce gishiri ne ya tare hanya, a ɗauko reza. Iya ta fito ta tsaya bakin zaure, ta ce wa surukina, "Malam, ba za a sa wa yarinyar nan ƙarfe ba. Naƙudar da ta wuni ta kwana ta fi ƙarfina. A nemo mota." Ya ce ai sai an ji daga bakin mijinta. Ta ce, "In ya zo, ni zan amsa masa."

A asibiti na same su. An buɗe cikin an fitar da yaro da rai, likita ya ce ƙugunta ne bai isa ya ba kan yaro hanya ba. Abu ɗaya ya ɓata mini rai: an tsai da Iya a ƙofa, aka ce ba a shiga da tsofaffi. Matata ta gaya mini daga baya, babu lokacin da tsoro ya kama ta kamar sa'ad da aka raba hannunta da na tsohuwar.

Ba na cewa duk abin da ungozomomi ke yi daidai ne. Doguwar naƙuda da yankan gishiri su ke jawo yoyon fitsari, wanda ya cika asibitin Babbar Ruga a Katsina da mata, galibinsu ƙananan 'yan mata. Likitocin Zariya kuma tun shekarun 1970 sun nuna yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta na raunana zuciyar mai jego. Waɗannan kam a bar su.

Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya faɗi gaskiyarmu: a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa biyar ko ɗaya ba ta cika aukuwa a asibiti ba. Ashe wanda ya kori ungozoma bai kawo likita ba, kaɗaici ya bar wa mace. Turawa ma da suka mai da haihuwa asibiti, sun komo suna biyan wata mace da su ke kira dula, wadda ba ta allura ba ta karɓar haihuwa, aikinta zama kusa da mai naƙuda kurum. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kowace mace ta shiga ɗakin haihuwa da wadda ta zaɓa.

Saboda haka roƙona biyu ne. Hukuma ta koya wa ungozomomi alamun haɗari, watau zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, sa'an nan a buɗe musu ƙofar ɗakin haihuwa. Mu kuwa maza, kowa ya bar izinin tafiya asibiti a gida tun ciki bai tsufa ba.

Iya ta rasu yaron na aji uku. Allah ya jiƙanta, ya sāka mata da alheri, amin.