Kukan tsuntsun bakin Nilu

A tsibirin Tuti, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa tsakanin Khartoum da Omdurman, akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da doguwar wutsiya, wanda yake ɓuya cikin ciyayi da shuke-shuken lambu. Masana suna kiransa Prinia gracilis. Ba kasafai ido yake kama shi ba, kunne ne yake shaida yana nan.

Wani dattijo Bahaushe, haifaffen Omdurman, ya shekara fiye da arba'in yana noman lambu a bakin kogin, kuma kukan tsuntsun nan ne yake tarbarsa kowace asuba. Kakansa yana cikin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausar da yake yi gado ce: yakan ce "shina zuwa" kamar Basakkwace, ya kira 'yarsa "ɗiyata", sa'annan ya ce "arabiyya" inda Bakano zai ce mota.

Wata rana wani ɗalibi daga Kano, mai karatu a Khartoum, ya zo sayen kayan miya. Da ya ji maganar dattijon sai ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai Hausarka ta gurɓace." Dattijo bai tanka ba, amma maganar ta zauna masa a rai, domin da wannan harshe mahaifiyarsa ta yi masa reno.

Da ɗalibin ya san labarin tsuntsun da yake kuka a bayansu, da ya yi hattara. Danginsa sun bazu daga kwarin Nilu har Indiya, kuma kukansu ba iri ɗaya ba ne. Na Sudan da Masar yakan yanka waƙarsa gaɓa-gaɓa, ya bar ɗan shiru a tsakani, na Iraƙi da Iran da Pakistan kuwa yakan zubo tasa a jere ba numfashi. A 2021 masana suka dubi wannan bambanci tare da siffar jiki da ƙwayoyin halitta, suka ce jinsi biyu ne, suka raɗa wa na gabas suna Prinia lepida. Ba wanda ya ce ɗaya daga cikinsu ya ɓata waƙar. Nisa da daɗewa ne suka yi aikinsu.

Haka yake ga harshe. Bakano ya ari mota da asibiti daga Turanci, Bahaushen Maraɗi ya ari nasa daga Faransanci, na Omdurman kuma daga Larabcin da yake ji a kasuwa. Kowane aro yana nuna inda mai magana ya zauna, kowace tsohuwar kalma tana nuna inda ya fito. Mai nazarin Hausa da ya ji "shina" a bakin Nilu, tarihin hijira ne ya ji, kuma rubutawa ta fi gyarawa amfani gare shi.

Sai dai kwatancin yana da iyaka. Tsuntsayen nan sun rabu har sun zama jinsi biyu, Hausar dattijo da ta ɗalibi kuwa ba su rabu ba: sun gaisa, sun yi ciniki, har raini ya isa inda aka aike shi ba tare da tafinta ba.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba dattijon da lambunsa. A wurin da ya sami mafaka, wata safiya ya ji wata mata tana kiran ɗanta da wata irin Hausa da bai saba ji ba. Ya ɗaga kai, ya yi mata sallama da tasa, ita kuma ta amsa, ta ce, "Baba, daga ina?"