Wa zai yaɓe Gidan Makama nan gaba?

1/ 'Yan Kano, mu ɗan yi maganar Gidan Makama. Da yawanmu mun shiga mun ɗauki hoto, amma kaɗan ne suka ɗaga kai suka kalli rufin.

2/ Tun ƙarni na 15 gidan yake. An gina wa Muhammadu Rumfa shi yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463. Yau gidan tarihi ne da dokar ƙasa ta kare.

3/ Tubali ne da azara fa, ba siminti. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyi idan ɗaki ya yi faɗi, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga. Katangar kuma mai kauri ce, ko da bazara za ka ji sanyi a ciki.

4/ Damuwata ita ce: doka tana hana mutum rushewa, amma ruwan sama bai san doka ba. Ginin ƙasa sai da yaɓe, da makuba, da gyaran indararo kafin damina.

5/ Wa zai yi? Maginan da suka iya sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo da kwano. A ajinmu na jami'a, wallahi ba kowa ya san mene ne makuba ba.

6/ In akwai tsohon magini a unguwarku, ku zauna da shi, ku tambaya, ku naɗa a waya. Ranar da suka ƙare, ko an ware kuɗin gyara ba mai yi.